Ɗinkin gicciye: adon salla da sana'ar rani



Kaka ta wuce. An yanke gero, an ɗaura dammuna, an zuba a rumbu. An rore wake, an cire gyaɗa. A ƙasar Tasawa da ta Mayahi damina ba ta wuce wata 3 zuwa 4. Sauran watanni 8 rani ne. Samari da yawa sun tafi cin rani Maraɗi, Damagaram, Katsina ko Kano. Waɗanda suka rage gida suna da lokaci, amma kuɗi sun yi ƙaranci.

A cikin ranin nan ne kuma hidima take yawa. Akwai aure, akwai suna, akwai salla. A shekarar 2025 ƙaramar salla ta zo a ƙarshen watan Maris, babbar salla kuma a farkon watan Yuni. Kowace shekara sukan matso baya da kamar kwana 11. Maƙwabtanmu Kirista suna bikin Kirsimeti ranar 25 ga Disamba. Kowa yana son ɗakinsa ya yi kyau ranar biki. Kowace uwa tana son ƴarta ta shiga ɗakin miji da kaya na gani.

To, ina kuɗin za su fito? Mun san amsa. Hannu yakan shiga rumbu. A auna tiya 5 yau, a auna tiya 10 gobe, a kai kasuwa lokacin da hatsi yake da araha. In watan Yuli da na Agusta suka zo, ga noma, ga rumbu wayam. Sai mu koma mu sayi hatsin nan da tsada, ko mu ci bashi. Waɗanda suka ga yunwar shekarar 2005 a jihar Maraɗi sun san abin da rumbu wayam yake jawo wa yara ƙanana.

Shi ya sa a wannan fitowa muka kawo bayanin wata ƙaramar sana'a. Jarinta kaɗan ne. Ana yin ta a zaune, a gida. Da ita za mu yi wa ɗakinmu ado da hannunmu, mu bar hatsi a rumbu. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya sayarwa.

MENE NE ƊINKIN GICCIYE?

Ɗinki ne na ado. Zare biyu suke gicciye juna, su ba da alama kamar haka: X. Alamar nan mun san ta a darasin lissafi, ita ce ta “sau”. Ana jera waɗannan alamu kusa da juna, ɗaya bayan ɗaya, har hoto ya fito: rumbu, itace, tauraro ko rubutu.

Ɗinkin ado ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mun san aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas. Mun san ɗinkin hula. A da, malamai da almajirai ne suka fi yin aikin riga. A birnin Zariya mata ma sun shiga aikin, suna ci da shi. Sai dai aikin riga yana son shekaru ana koyo wurin gwani. Shi kuwa ɗinkin gicciye salonsa ɗaya ne tak. Wanda ya iya ƙirga daga 1 zuwa 20 zai iya fara shi yau, mace ko namiji.

Ana yin sa a ƙasashe da yawa. Matan Falasɗinu suna ƙawata rigunansu da shi, har hukumar UNESCO ta sa ɗinkinsu cikin kayan gadon duniya a shekarar 2021. A ƙasashen Turai, ƴan mata sun daɗe suna ɗinka baƙaƙen abacada da lambobi a ƙyalle don koyon ɗinki. Har yau mutanen can sukan ɗinka itace kore da tauraro a lokacin Kirsimeti. Ashe ke nan ɗinkin nan da karatu tafiyarsu ɗaya.

KAYAN AIKI

1. Kaye mai gida-gida. Shi ne littafin rubutu wanda layukansa suka gicciye juna, irin na lissafi. Kowane gida faɗinsa rabin santimita ne. A ciki za mu zana abin da za mu ɗinka. Gida ɗaya a kaye, gicciye ɗaya a yadi. Wannan ita ce doka ta farko.

2. Yadi. Akwai yadi na musamman mai ƴan ƙofofi a jere, wanda aka saƙa don wannan ɗinki. Ba kullum ake samun sa a kasuwar ƙauye ba. In babu shi, akwai dabara biyu. Mu sayi yadi mai zanen gida-gida ƙanana, mu bi gidajensa. Ko kuwa mu sami farin yadi na auduga, mu ja masa layuka da fensir da rula, tsaye da kwance, tsakanin layi da layi rabin santimita. Kada mu ja da biro, tawadarsa ba ta fita.

3. Zare. Zaren ado na auduga yakan zo da sili 6 a murɗe tare. Ana iya raba su. In gidajen yadi rabin santimita ne, mu ɗinka da sili 4 ko duka 6. In ƙanana ne ƙwarai, sili 2 sun isa.

4. Allura mai babbar kafa, don zare ya shiga da sauƙi. A yadi mai ƙofofi, allura marar tsini ta fi, domin ba ta tsaga saƙa, ba ta kuma sukar yatsa. A farin yadi mai saƙa matsattsiya sai mai tsini.

5. Almakashi ƙarami, da gwangwani mai murfi na ajiye allura.

6. Abin ɗame yadi. In akwai tsohuwar rariya da ta yage, mu cire ragar, mu shimfiɗa yadi a kan katakon, mu ɗaure da igiyar roba. Yadi ya tsaya kamar fatar ganga. Ba dole ba ne, amma yana hana aiki tattarewa.

Kafin mu ɓata yadi da zare masu tsada, mu fara koyo a kan tsohon buhun shinkafa ko na sukari. Saƙarsa gida-gida ce, ido yana ganin ta sosai. A nan akwai gargaɗi: kada mu taɓa buhun takin zamani, ko na maganin ƙwari, ko na irin shuka da aka zuba wa magani. Gubar takan saura a jikin buhu ko an wanke. Tana shiga hannu, daga hannu ta tafi baki da ido.

SHIRI KAFIN A FARA

Mu wanke sabon yadi, mu shanya, mu goge. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko. In muka yi ɗinki kafin wanki, aikin zai tattare daga baya. Sai bayan wanki za mu ja layukan fensir.

Mu gwada zare. Mu jiƙa ɗan guntu, mu matse shi cikin farin ƙyalle. In launi ya fito a ƙyallen, zaren yana zuba. Ja da shuɗi sun fi yin haka. Irin wannan zare zai ɓata aikin kwana 7 a wanki ɗaya. Mu wanke shi shi kaɗai har ruwa ya fita fari, ko mu sake wani.

Mu kalmashe bakin yadi, mu bi shi da ɗinki, don kada ya warware.

Mu nemi tsakiya. Mu ninka yadi biyu, mu sake ninkawa. Inda ninki ya haɗu nan ne tsakiya. Mu sa alama da fensir. Daga tsakiya ake farawa, don hoto ya zauna daidai, kada ya karkata gefe ɗaya ko yadi ya ƙare bai cika ba.

Mu yanke zare kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Zare mai tsawo yana harɗewa, yana kuma tsinkewa.

Mu wanke hannu da sabulu. Man abinci da ƙurar hunturu suna baƙanta farin yadi.

YADDA AKE YIN GICCIYE ƊAYA

Kowane gida yana da kusurwa 4: biyu a sama, biyu a ƙasa.

1. Mu fito da allura daga bayan yadi, a kusurwar ƙasa ta hagu.
2. Mu soka ta a kusurwar sama ta dama. Mun sami rabi.
3. Mu fito a kusurwar ƙasa ta dama.
4. Mu soka a kusurwar sama ta hagu. Gicciye ya cika.

Mu maimaita da baki har ya zauna: ƙasa hagu, sama dama, ƙasa dama, sama hagu.

In gidaje da yawa suna jere a layi ɗaya, kuma launinsu ɗaya, akwai hanya mai sauri. Mu tafi daga hagu zuwa dama muna yin rabi-rabi, kamar mai bin kunya da hauya. In mun kai ƙarshen layi, mu juyo daga dama zuwa hagu muna rufe su. Tafiya da dawowa ke nan.

Zaren sama na kowane gicciye ya kwanta gefe ɗaya da na ƴan uwansa, daga farkon aiki har ƙarshe. In wasu sun dubi gabas wasu yamma, aikin ba zai yi sheƙi ɗaya ba. Mai saye zai lura tun daga nesa.

Ba a ƙulla zare. Ƙulli yana yin tudu, yana kuma kwancewa a wanki. In za mu fara, mu bar wutsiyar zare kamar tsawon gaɓar yatsa a bayan yadi, mu danne ta da ɗinki 4 ko 5 na farko. In zare ya kusa ƙarewa, mu juya yadi, mu zura allura ƙarƙashin ɗinki 4 ko 5, sa'an nan mu yanke.

Kada mu ja zare da ƙarfi, yadi zai tattare. Kada kuma mu bar shi sako-sako, zai maƙale da abu. In zare ya murɗe, mu saki allura ta yi lilo, zai warware da kansa.

ZANE NA FARKO: RUMBU

Mun zaɓi rumbu domin kowa ya san kamarsa, kuma saboda shi muke wannan aiki. Mu fara zana shi a kaye. Mu sa X a kowane gida da za a ɗinka.

Jinka, da zare ruwan ƙasa ko rawaya:
Layi na 1: gida 1
Layi na 2: gida 3
Layi na 3: gida 5
Layi na 4: gida 7
Layi na 5: gida 9
Layi na 6: gida 11

Kowane layi yana ƙaruwa da gida 1 a hagu, gida 1 a dama. Jinka duka gicciye 36 ne.

Cikin rumbu, da jan zare: daga layi na 7 zuwa na 11, kowane layi gida 7. Mu bar gida 2 a hagu, gida 2 a dama, don jinka ta yi masa rumfa. Layi 5 sau gida 7, gicciye 35 ke nan.

Ƙafafu, da baƙin zare: layi na 12 da na 13. A kowane layi gicciye 3: ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama. Duka 6.

Mu haɗa: 36 da 35 da 6, gicciye 77. Faɗin rumbun gida 11, tsawonsa gida 13. In gida rabin santimita ne, faɗi zai zama santimita 5 da rabi, tsawo 6 da rabi.

Tsakiyar zanen tana layi na 7, a gida na 4 cikin jajaye 7 ɗin nan. Wannan gida shi ne zai hau kan alamar da muka sa a tsakiyar yadi. Saboda haka mu fara da jan zare. Daga alama mu ƙirga gida 3 zuwa hagu, mu fara layin daga can. Mu gama cikin rumbu, mu hau jinka, mu sauko ƙafafu.

In mun jera rumbu 5 ko 6 a bakin zanen gado, da gida 4 tsakanin kowane biyu, mun sami ado na gidan manomi.

ZANE NA BIYU: ITACE

Wanda ya iya jinka ya riga ya iya itacen Kirsimeti. Lissafinsu ɗaya ne: 1, 3, 5, 7, 9, 11, amma da koren zare. A ƙarƙashi mu sa gindi da zare ruwan ƙasa, layi 2, kowane layi gida 3. Duka gicciye 42. A bisa kan itacen mu ƙara gicciye ɗaya rawaya, a matsayin tauraro. Mai son ƙarin ado ya musanya gida 4 ko 5 na cikin kore da ja. Iyalan Kirista suna sa irin wannan a ƙyallen tebur da labule. Mai ɗinki da ya iya zane biyun yana da masu saye a salla, yana da su a Disamba.

ZANE NA UKU: RUBUTU

A nan karatunmu zai yi mana rana. Kowane baƙi yana cin gida 5 a faɗi, gida 7 a tsawo. Tsakanin baƙi da baƙi mu bar gida 1. Tsakanin kalma da kalma mu bar gida 3.

Baƙin L ya fi sauƙi. Mu sauko gida 7 a hagu, mu ƙara gida 4 a layin ƙasa zuwa dama. Gicciye 11.

Baƙin A kuwa ga shi. Layi na 1: gida 3 na tsakiya. Layi na 2 da na 3: gidan farko da na ƙarshe. Layi na 4: duka 5. Layi na 5, 6 da 7: gidan farko da na ƙarshe. Gicciye 18.

Sauran baƙaƙe mu gwada su a kaye tare da malamin ajinmu, har su fito sosai.

Mu ɗauki BARKA DA SALLA. Kalmar BARKA tana cin gida 29. DA tana cin 11. SALLA tana cin 29. Fili biyu na tsakani suna cin 6. Duka gida 75, wato santimita 37 da rabi. Zai shiga rigar matashin kai. Tsakiyar rubutun ita ce gida na 38, wato filin da yake tsakanin D da A. Mu ɗora wannan fili a kan tsakiyar yadi, mu yi A zuwa dama, D zuwa hagu.

BARKA DA KIRSIMETI ya fi tsawo. Gara a raba shi layi biyu. Haka kuma za mu iya ɗinka sunan amarya, ko sunan jariri da shekarar haihuwarsa.

Mu duba rubutu a kaye sau biyu kafin mu ɗauki allura. Kuskuren fensir ana goge shi nan take. Kuskuren zare yakan ci yini.

KURAKURAN MAI KOYO

Babban kuskure shi ne dogara da ido. An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A wannan aiki kima ba ta isa ba, sai an ƙirga. Duk layin da muka gama, mu ƙirga shi, mu soke shi da fensir a kaye. In gida ɗaya ya ɓace a layi na 3, duk layukan da suka biyo baya za su karkace.

In mun ga kuskure, mu zare allura, mu kwance ɗinkin ɗaya-ɗaya da kan allura har wurin. Kada mu sa reza, za ta yanke yadi.

Kada mu ja zare ta baya ya tsallake fiye da gida 3 ko 4. Zai nuna ta gaba, kuma yatsan yaro zai iya fizge shi. Mu rufe zare, mu sake farawa a sabon wuri.

In aiki ya ƙare, mu wanke shi da ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Layukan fensir za su fita. Kada mu murɗe shi. Mu shanya a inuwa, mu goge ta baya.

MU KULA DA LAFIYARMU

Ido shi ne jarin mai ɗinki. Mu yi aiki da rana, a inuwa mai haske. Ɗinki a ɗaki mai duhu, ko a gaban fitila mai hayaƙi, yana gajiyar da ido, yana kawo ciwon kai. Bayan kowane ɗan lokaci mu ɗaga kai, mu dubi abu mai nisa. Mu wanke fuska da ruwa mai tsabta, musamman lokacin ƙura. In ido ya yi ja ko yana ruwa, mu tafi gidan likita. Kada mu ɗiga masa abin da likita bai ba mu ba.

Daga shekara 40 zuwa sama, yawancin mutane ba sa ganin abu na kusa sosai. Kafar allura takan ɓace musu, haka ƙananan baƙaƙe. Wannan ba makanta ba ce, girma ne. Tabarau na karatu yana gyara shi. Mu je a auna mu, mu sami wanda ya dace da idonmu.

Mu zauna da abin jingina baya. Mu ɗago aiki zuwa ƙirji, kada mu sunkuya a kansa. Mu tashi mu miƙe ƙafa a kai a kai. Mace mai ciki ta fi kowa bukatar haka.

Allura ƙarama ce, amma haɗarinta babba ne. Kada mu riƙe ta a baki. Kada mu soka ta a tabarma, ko katifa, ko bakin zane, alhali muna goyo. Mu san yawan allurarmu, mu ƙirga su in mun tashi, mu rufe a gwangwani, mu ajiye inda yaro ba ya kai. In yaro ya haɗiye allura, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa kome. A kai shi gidan likita nan da nan. In allura ta karye cikin nama, kada a tone da reza. Wannan ma aikin likita ne.

In allura ta soke mu, mu wanke wurin da ruwa da sabulu. Rauni ko ƙarami ne yana iya zama ƙofar ciwon tetanos, mai sa jiki ya sandare, haƙora su sarƙe. Akwai allurar rigakafinsa. Ana yi wa mata masu ciki a wurin awo, tana kare uwa da jariri. Mu duba katinmu.

Kowa ya riƙe allurarsa. Kada a ɗauki allura ɗaya a cire wa wannan ƙaya, a huda wa waccan kunne. Ciwon hanta da sida suna bin jini daga mutum zuwa mutum.

LISSAFIN RIBA

Sana'a ba lissafi asara ce. Ga misali. Kuɗin da muka sa a nan na koyon lissafi ne, kowa ya sa farashin kasuwarsu.

A ce yadin rigar matashi biyu jika 1. Zare dala 100. Allura da sabulu dala 20. Jari ya zama jika 1 da dala 120. A ce an sayar da su jika 3. Abin da ya rage jika 1 da dala 80. In aikin ya ci kwana 7, ladan kowace rana dala 40 ne.

Mu gwada wannan da kuɗin tiyar gero a kasuwa. Za mu ga cewa ɗinki ba zai maye gurbin gona ba. Amma zai sayi gishiri, sabulu da magani. Kuma kowace dala da ta fito daga allura ta tsare hatsi a rumbu.

Mu rubuta kome a shafin ƙarshe na kaye: abin da muka saya, ranar da muka fara, ranar da muka gama, abin da aka biya. Mu ware jari daga riba. In an ba mu aiki, mu karɓi kuɗin yadi da zare tun farko. Mu fara da ƙananan kaya masu saurin fita: ƙyallen rufe kwanon abinci, wanda yake kare tuwo daga ƙuda, da rigar matashi, da hular jariri. Mu fara aikin salla tun da saura wata 2. Wanda ya fara ana gobe salla, idonsa da aikinsa duka za su sha wuya.

Jari ya fi sauƙi in an haɗa kai. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi. Mata suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan kowane mako a asusu, suna ba juna rance. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Ƙungiya irin wannan za ta iya sayen zare da yadi a sari, in wani zai je Tasawa ko Maraɗi, a raba. Mata 5 da suka sayi launi 5 tare, kowace ta sami launi 5.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Gida ɗaya a kaye, gicciye ɗaya a yadi.
A fara daga tsakiya.
A ƙirga kowane layi.
Zaren sama ya dubi gefe ɗaya.
A yi aiki da haske, a ɓoye allura daga yara.
A rubuta jari da riba.

Rumbun farko da za mu ɗinka zai yiwu ya karkace. Kada mu jefar da shi. Mu ajiye, mu yi na biyu, mu gwada su. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A AJI

1. A garinmu, wace hidima ce ta fi sa a taɓa rumbu da rani?
2. In jinka ta kai layi 8, gida nawa ne a layin ƙarshe? Duka gicciye nawa?
3. Sunanka ko sunanki zai ci gida nawa a faɗi?
4. Me za mu yi in yaro ya haɗiye allura?

Masu karatu na Korgom, Maijirgi, Urafan, Kanambakashe, Isawan, Sarkin Hausa da sauran garuruwa, ku gwada. Wanda ya ƙago sabon zane, ko raƙumi, ko zabo, ko fitila, ya zana shi a takarda mai gida-gida, ya ba malamin aji ya aiko mana. Za mu buga shi don kowa ya amfana.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a rumbunanmu, ya kai mu salla da rai. Amin.